Amosanin gaɓɓai da tsufa: Yadda ma'aikatan jinya ke taimaka wa dattijo ya ci gaba da yi wa kansa hidima

Amosanin gaɓɓai, wanda jama'a suka fi sani da sanyin ƙashi, suna ne da ya tattaro cututtuka fiye da 100 waɗanda ke sa gaɓa ta yi ciwo, ta kumbura ko ta sage. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da nau'in da ya fi yawa, wato wanda zaizayar guringuntsi ke haddasawa, kuma kashi 73 cikin 100 daga cikinsu sun haura shekara 55. Mata ne kashi 60 cikin 100. Gwiwa ce gaɓar da ciwon ya fi kamawa, sai ƙugu da yatsun hannu.

Mafi yawan nau'o'in cutar ba sa warkewa ɗungurungum. Mutum zai zauna da ita shekara 10 ko 20, likita kuwa na ɗan lokaci yake ganinsa. Abin da ya rage, wato yadda dattijo zai tashi daga shimfiɗa, ya kewaya, ya yi alwala, ya sha maganinsa daidai, ya kuma samu barci, yawanci a hannun ma'aikatan jinya da iyali yake. Shi ya sa jinya a wannan fanni ke da nata ma'aunin: me majiyyaci ke iya yi wa kansa a yau, me kuma za a yi don kada ya rasa shi gobe.

Nau'i biyu da ake bambancewa

Nau'in farko shi ne na zaizayar guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa. Yana zuwa sannu a hankali, ya fi tsanani bayan aiki ko doguwar tafiya, sagewar da yake sa wa da safe kuma ba kasafai take wuce minti 30 ba. Tsufa, ƙiba, tsohon rauni da aikin da ke buƙatar yawan durƙuso ko ɗaukar kaya suna cikin abubuwan da ke jawo shi.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira rumatoyid, inda garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa gaɓoɓin mai ita. Hukumar ta ƙiyasta masu shi a kan miliyan 18 a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Yakan kama ƙananan gaɓoɓin hannu da ƙafa na dama da na hagu a tare, sagewar safe takan kai awa guda ko fiye, ga kasala mai nauyi. Bambancewar tana da muhimmanci, domin rumatoyid yana iya lalata gaɓa cikin 'yan shekaru idan ba a fara maganin da ke dakatar da shi da wuri ba. Ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti da ta ga mace da kumburarrun yatsu biyu-biyu na tsawon makonni ta tura ta ga likita, maimakon ta sallame ta da maganin raɗaɗi, ta riga ta yi mata babban aiki.

Tambayoyin farko

Binciken jinya yakan fara ne da ciwon kansa: ina yake, yaushe yake tashi, me ke lafar da shi, kuma idan an ce a ba shi maki daga 0 zuwa 10 nawa zai samu. Sai dai tambayar da ta fi amfani ita ce ta ayyukan yau da kullum, saboda hoton ƙashi ba ya faɗar duk gaskiya. Akwai wanda hotonsa ya nuna zaizaya mai yawa amma yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, akwai kuma wanda hotonsa bai nuna wani abin kirki ba amma ya daina fita ƙofar gida. Dattawa da yawa ba sa ma kawo ƙorafi, suna ganin ciwon gwiwa rabon tsufa ne, don haka sai an tambaye su kai tsaye.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kula da tsofaffi da ake kira ICOPE, a 2019 kuma ta biyo da littafin aiki na ma'aikatan matakin farko. Tsarin yana duba abu shida: motsi, abinci da kuzari, gani, ji, tunani da kuma halin zuciya. Gwajin motsin ba ya buƙatar na'ura. Ana sa dattijo ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi daga kujera ya zauna sau 5. Idan ya gaza yin haka cikin daƙiƙa 14, akwai buƙatar zurfafa bincike. Ana kuma tambaya ko ya rame da fiye da kilo 3 a watanni 3 da suka wuce, a ba shi kalmomi 3 ya riƙe a tambaye shi daga baya, a yi masa raɗa a ji ko zai ji. Amfanin duba su a tare a fili yake: mai ciwon gwiwa da idonsa ya yi yana, ya fi kowa kusa da faɗuwa.

Motsi, da ladabin da ke cutarwa

A gidajen Hausawa, kamar sauran wurare da dama, girmama tsoho ya haɗa da ɗauke masa kowane aiki. Da zarar Inna ta miƙe za ta ɗauko buta, jika ya riga ta. Idan Baba ya ce zai taka zuwa masallaci, a ce ya zauna ya huta. Niyyar kyakkyawa ce, amma ga mai amosanin gaɓɓai wannan hutu yana da tsada. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, motsi ne kuma ke zagaya da wannan ruwa. Tsokar cinya ita ce ke tallafar gwiwa, idan ta daina aiki sai ta saki, nauyin ya koma kan gaɓar da ke ciwo, ciwon ya ƙaru, mai shi ya ƙara zama. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Dawo da tsokar da ta tafi a jikin tsoho aiki ne na watanni.

Saboda haka ne ƙa'idojin jinya na zamani suka sa motsa jiki a sahun gaba. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta jaddada a 2022 cewa atisaye da rage ƙiba su ne ginshiƙin kula da zaizayar guringuntsi, magungunan sha kuma taimako ne kawai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. Wanda ba zai iya kai wannan ba, ya yi gwargwadon ikonsa.

Likitan gashi ne ke tsara atisayen inda ake da shi, amma ma'aikacin jinya ne ke bibiya, a wurare da yawa ma shi kaɗai ne ake da shi. Abin da yake koyarwa ba shi da wuya: dattijo ya zauna a kujera ya miƙe ƙafa ɗaya, ya riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ya sauke, ya maimaita tashi da zama, ya dafa bango ya ɗaga dunduniya, ya yi tattaki na minti 5 ko 10 da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Mafi wuyar aikin shi ne cire tsoro. Da yawa sun ɗauka duk wani zafi alama ce ta gaɓa na ƙara lalacewa, alhali ɗan ƙarin ciwo a makonnin farko abu ne da aka saba gani. Ƙa'idar da ake bai wa majiyyata ita ce, idan ciwon da atisaye ya tayar ya wuce awa 2 bai lafa ba, an zarce, gobe a rage. Ba a ce a daina ba. Ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi, musamman a rumatoyid, ana sassauta mata, a riƙa lanƙwasa ta a hankali don kada ta sandare.

Wannan bayani iyali ya fi shafa. Ma'aikaciyar jinya mai basira takan kira 'ya'ya da surukai ta nuna musu bambancin aikin da ya kamata a ɗauke wa tsohuwa, kamar daka da ɗaukar bokitin ruwa, da wanda ya kamata a bar mata, kamar tsince shinkafa, ɓarar gyaɗa, sa tufafinta da kanta da takawa zuwa gidan maƙwabta.

Ƙiba, sanda da ɗumi

Masu bincike a Jami'ar Wake Forest ta Amurka sun nuna a 2005 cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku. Rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki, haɗe da atisaye, yana kawo sauƙin da mai shi zai ji a jikinsa. Amma wannan shawara ta masu ƙiba ce. Tsohon da ya riga ya rame, abin da yake buƙata shi ne ƙarin abinci mai gina jiki, irin su wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da nono.

Sanda kuwa ana yawan riƙe ta ba daidai ba. A hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta: idan gwiwar dama ce ke ciwo, sanda na hagu, ta sauka tare da ƙafar mai ciwo. Tsawonta ya kai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa, a kuma sa mata roba a gindi don kada ta zame a kan siminti. Gasa gaɓa da tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sassauta sagewa, musamman da hunturu, sanyi kuma ya fi dacewa da gaɓar da ta kumbura. Ga mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, dole wani ya taɓa ruwan tukuna, domin yana iya ƙonewa bai sani ba.

Sa ido a kan magani

Likita ke rubuta magani, amma ma'aikacin jinya ne ya fi samun damar cewa a zazzage ledar magunguna a kan tebur a ga abin da ake sha a zahiri. A nan ake gano abubuwa. Magungunan raɗaɗi irin su ibufurofen da diklofenak suna aiki, sai dai doguwar shan su na iya jawo gyambon ciki da zubar jini, ya raunana ƙoda, ya tayar da hawan jini, haɗarin kuma ya fi yawa ga tsofaffi. Shan biyu daga cikinsu a tare yana ninka illa ne kawai. Ga ciwon gwiwa, na shafawa ya fi aminci, shi ake so a fara da shi. Farasitamol bai kamata ya wuce giram 4 a yini ga babba ba, ga tsohon da ya rame ma ƙasa da haka. Taramadol da ƙwayoyin barci suna sa jiri da magagi, su kai ga faɗuwa.

Haɗin ƙwayoyi da ake saya a kemis ba tare da sanin sunansu ba ya fi duka haɗari, domin akan samu deksametazon ko firedinisolon a ciki. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake yabon su, amma bayan watanni sai fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi laushi. Wanda ya daɗe yana shan su ba a yanke masa rana ɗaya. A ƙarƙashin kulawar likita ake ragewa a hankali.

Ga masu rumatoyid, maganin da aka fi farawa da shi shi ne metotireksat, kuma sau ɗaya a mako ake shan sa. An samu mace-mace a ƙasashe daban-daban saboda an sha shi kullum bisa kuskure. Don haka ma'aikacin jinya kan zaɓi rana guda tare da majiyyaci, ya rubuta ta ɓaro-ɓaro, ya sanar da wani a gida, ya tunatar da ƙwayar folik asid da ake haɗawa da shi da gwajin jini na lokaci-lokaci. Mai ciki ba ta shan sa, kuma zazzaɓi, gyambon baki ko sarƙewar numfashi dalili ne na komawa asibiti nan da nan.

Abin da aka koya daga Stanford da Leeds

A ƙarshen shekarun 1970, wata ma'aikaciyar jinya a Jami'ar Stanford ta Amurka, Kate Lorig, ta tsara wani shiri na koya wa masu amosanin gaɓɓai kula da kansu. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon makonni 6, kimanin awa 2 kowane zama, masu jagorancin kuma galibi su ma masu ciwon ne da aka horar. Kowa yakan ɗauki alƙawarin abu guda ƙarami da zai yi kafin zama na gaba, ya faɗi yadda ya amince zai iya a ma'aunin 0 zuwa 10. Idan bai kai 7 ba, a rage girman alƙawarin. Bibiyar shekara 4 da aka wallafa a 1993 ta nuna ciwon mahalarta ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, zuwansu wurin likita kuma da kashi 40, duk da cewa cutar kanta ta ci gaba da tafiya. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne, sauƙin ya fi alaƙa da yadda mutum ya yarda zai iya tafiyar da ciwonsa fiye da yawan atisayen da ya yi. Bitar da aka yi wa irin waɗannan shirye-shirye daga baya ta nuna amfaninsu matsakaici ne, bai kai yadda aka zata da farko ba. Duk da haka dabarar ƙaramin alƙawari na mako-mako ta zauna a aikin jinya, kuma ba ta cin ko sisi.

A birnin Leeds na Ingila kuma, Jackie Hill ta gudanar da ɗakin duba masu rumatoyid wanda ma'aikaciyar jinya ke jagoranta. Sakamakon da aka wallafa a 1994 ya nuna majiyyatanta ba su gaza na babban likita a lafiya ba, sun ma fi su sanin cutarsu da gamsuwa da kulawar. A 2012 ƙungiyar masana cututtukan gaɓoɓi ta Turai, EULAR, ta fitar da shawarwari a kan matsayin ma'aikacin jinya a wannan fanni, ta sabunta su a 2018. Ga ƙasashen da ƙwararrun likitocin gaɓoɓi ba su da yawa, kuma akasarinsu na manyan asibitocin koyarwa, wannan darasi ya fi tasiri a can fiye da inda aka samo shi.

Gida da faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Ziyarar gida, ko aƙalla tambaya a kan yadda gidan yake, tana bayyana abin da asibiti ba ya gani: dokin ƙofa mai tudu, gefen tabarma da ya naɗe, santsin makewayi, silifa da ta cinye, rashin fitila a hanyar ban-ɗaki da dare. Zaman ƙasa da masai na tsuguno suna wahalar da gwiwa ƙwarai. Kujera mai tsayi da hannuwa, gado maimakon katifa a ƙasa, kujerar da aka huda a ɗora a kan masai da ƙarfen dafawa a bango, duk kafinta da maƙerin unguwa za su iya yi. Dattawa da yawa suna jin nauyin yin sallah a kan kujera, ko da yake malamai sun yi bayanin sassaucin da aka yi wa mara lafiya. Jin haka daga bakin limaminsu ya fi saurin kwantar musu da hankali.

Zuciya da zaɓi

Ciwon da ya daɗe yana hana barci, rashin barci yana ƙara jin ciwo, su biyun kuma suna buɗe ƙofa ga ciwon damuwa. Tsohon da ya daina zuwa majalisa, suna da jana'iza saboda gwiwa, ya rasa abin da ya fi tafiya. Shi ya sa ake tambaya ko a makonni 2 da suka wuce ya ji ransa a ɓace ko ya daina sha'awar abin da ya saba so. Sauraron labarin rayuwar dattijo, wanda likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya ja hankali a kansa tun 1963, yau yana cikin dabarun jinya, haka ma atisayen numfashi da haɗa tsofaffi wuri guda.

A 1976 Ellen Langer da Judith Rodin sun yi wani gwaji a gidan kula da tsofaffi a jihar Konetikat ta Amurka. Rukuni ɗaya an ba su tsiro su shayar da kansu, aka bar musu zaɓin wasu al'amuran yini. Ɗaya rukunin ma'aikata ne ke yi musu komai cikin kyautatawa. Na farkon sun fi kuzari da walwala, bayan wata 18 kuma an fi samun masu rai a cikinsu. Mutanen ba su kai 100 ba, don haka ba a ɗora wa alƙaluman nauyi mai yawa, amma gwajin ya sauya yadda ake kallon hidimar da ke ƙwace wa tsoho ikonsa.

Idan kwanciya ta kama

Wanda ciwo ya kwantar, babban abin tsoro shi ne gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa a gadon baya, ƙugu da dunduniya. Ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya Doreen Norton ta fitar da ma'aunin gane masu wannan haɗari a 1962, aikinta ne kuma ya yaɗa al'adar juya majiyyaci duk bayan awa 2. Fata ta zauna a bushe da tsabta, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a riƙa lanƙwasa gaɓoɓi kullum, a ba da isasshen ruwa. Jan tabon da bai gushe ba idan an danna shi da yatsa shi ne matakin farko na gyambon. Mai jinyar, wadda galibi 'ya ce ko suruka, ita ma tana cikin lissafi: a koya mata ɗaga mutum ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, a kuma sa dangi su riƙa karɓarta.

A Najeriya, cibiyar farko da aka gina musamman don lafiyar tsofaffi ita ce ta Cif Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe a 2012. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa a 2021, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara shekaru 10 na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Masu buƙatar tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu a Arewa kan nufi wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, amma mafi yawan dattawa a asibitin unguwa ake ganin su, a hannun nas ko jami'in lafiyar al'umma. Alamun da ba a jira da su a can su ne gaɓa guda da ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi tare da zazzaɓi, kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, baƙin bayan gida ko aman jini ga mai shan maganin raɗaɗi, da ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, a ranar ake kai shi babban asibiti.